ALHAJI UMARU NA KETE-KARACI: MALAMIN DA YA RUBUTA LABARIN HAUSA DAGA BAKIN RUWA



A taronmu na watan jiya, wani dattijo ya tashi ya ce shi kam ya gaji da jin lissafin kuɗin ƙungiya kaɗai, yana so takardarmu ta riƙa ɗauko labarin mutanen da. Kwamiti ya ɗora mini wannan aiki don ni ne mushen lekol a cikinmu. Na karɓa, amma ina roƙon gafara tun daga farko: yaro ne zai yi magana gaban manya. In na yi daidai, daga Allah ne. In na kauce, ku maido ni hanya.

Ba labarin sarki na zaɓa ba, ba kuma na mayaƙi ba. Labarin wani malami ne da ya zauna can Kurmi, ƙasar da da yawa daga cikin iyayenmu sunka ci rani cikinta. Ga dalilin da ya sa na zaɓe shi.

AKWATIN KAKANA

Kakana na wajen uba yana cikin waɗanda anka koro daga Gana a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su fita. Ya komo Jiratawa da akwatin ƙarfe guda. Cikin akwatin akwai ɗaurin takardu na ajami, cikin gafaka. Ina yaro nakan gan shi ya fiddo su da hantsi, ya duba, ya maida. Ni kuwa lekol ta koya mini Faransanci, ba ta koya mini ajami ba. Kullum ina cewa in na samu hutu zan kai wa wani malami ya karanta mini. Hutu ya zo ya wuce, tsoho ya rasu ina makarantar horon malamai. Ranar da na buɗe akwatin, damina biyu bayan rasuwa tai, na iske gara ta riga ni. Warƙa uku kaɗai sunka saura.

Na kai su wajen wani malami a nan Sabon Gari. Ya ce biyu lissafin zango-zango ne, daga ƙasarmu har Kumasi, da sunayen masu masauki. Ta ukun kuwa guntun waƙa ce, ba kai ba gindi. Ya ce irin waƙoƙin ga ne almajirai ke kwafa a zangunan Gana, kuma babban mai yin su shi ne Alhaji Umaru na Kete-Karaci. Ranar na fara jin sunan. Laifin takardun nan ba na kowa ba ne, nawa ne. Shi ya sa na bi sawun wanga malami, ga kuma abin da na samo.

DAGA KANO ZUWA GWANJA

Sunansa Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu. An haife shi a Kano wajen shekara ta 1858, amma asalin gidansu Kabi ne, shi ya sa a rubuce-rubucensa na Larabci ake kiran sa Bakabe kuma Bakano. Mahaifinsa malami ne kuma farke, yana fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja. Umaru ya yi karatu a Kano, sannan ya bi malamai zuwa yamma, wajen Sakkwato da Gwandu da Argungu. Bai kai shekara ashirin da haihuwa ba, a 1877, ya rubuta wani ɗan littafi da Larabci kan yadda ake tsara wasiƙa: wadda ake aika wa sarki, da wadda ake aika wa malami, da ta aboki. Wannan ya nuna irin mutumin tun da wuri. Abin da zai amfani mutane cikin harkarsu ta yau da kullum shi ya dame shi.

Bai zauna wuri guda ba. Ya bi ayari, ya ratsa ƙasar Zabarma da Mosi da Gurunsi. Dattijanmu sun san abin da ake nufi da ayarin Gwanja: jakai da takarkarai ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, madugu a gaba, tafiyar wata da watanni, a komo da goro. Babbar kasuwar da ake dosa ita ce Salga. Can Bahaushe ke gamuwa da goron Asante.

Sai dai lokacin da Umaru ya zauna Salga, a 1892, garin ya riga ya fara baya. Tun 1874, da Turawan Ingila sunka ƙone Kumasi, Salga ta fita daga hannun Asante, hanyar goro kuma ta fara karkata wasu wurare. A ƙarshen 1892 ɗin yaƙin basasa ya tashi tsakanin gidajen sarautar Gwanja na Kwembi. Anka watsa garin. Fatake sunka bar gidajensu da rijiyoyinsu, kowa ya kama gabansa. Umaru ya ga wannan da idonsa, ya kuma rubuta shi cikin wata doguwar waƙa ta Larabci. Bai tsaya ga zargin sarakuna kaɗai ba, har da lalacewar halin mutanen gari ya faɗa.

ZAMAN KETE

A 1896 ya bar Salga ya koma Kete-Karaci, bakin kogin Bolta. Gari biyu ne a haɗe. Karaci na ƴan ƙasa ne, masu tsafin Dente da ya yi suna har Asante. Kete kuwa zangon baƙi ne Musulmi. Mu mutanen Maraɗi ba baƙon abu ba ne gare mu, malami da arne su zauna kusa da juna, kowa da abin da ya riƙa.

Abin da ya raya Kete shi ne ruwa. Gishirin Ada, wanda ake kwasa can bakin teku, shi ake ɗorowa cikin jiragen ruwa a hauro kogi da shi har Kete. Nan fataken arewa ke tarbarsa. Wato garin ƙofa ne tsakanin teku da tudu: duk labarin da ya taso daga Akara ko Lome, da duk wanda ya gangaro daga Kano ko Katsina, sai ya kwana a Kete. Mai son sanin labarin duniya ba ya samun mazauni da ya fi wannan.

Lokacin garin yana hannun Jamusawa, cikin ƙasar Togo. Mutanen wurin suna ba da labari cewa da gardamar limanci ta taso tsakanin Umaru da wani malami, sai kumandan na Jamus ya sa anka gwada su da karatu gaban jama'a, Umaru ya yi rinjaye. Ko yaya abin ya gudana, shi ya zama limamin Kete, kuma da wannan suna Turawa sunka san shi: Imam Umaru. Ya buɗe makaranta. Almajiransa sunka bazu cikin zangunan ƙasar, daga arewa har bakin teku, kowa da kwafin waƙoƙin malaminsa.

ABIN DA YA RUBUTA

Nan ne zan ɗan daɗe, don nan ne darajar mutumin take.

Na farko, zuwan Nasara. Ya yi waƙa uku a kai: biyu da Larabci, a wajen 1899 da 1900, guda da Hausa a 1903, shekarar da Kano da Sakkwato sunka faɗi. Yadda ya tsara su abin lura ne. Yana jera garuruwa ɗaya bayan ɗaya, da sarakunansu, wanda ya yi yaƙi, da wanda ya gudu, da wanda ya miƙa wuya. Yana nuna yadda baƙin sunka fara shigowa da taushin baki, da sunan ciniki, kafin su fiddo bindiga. Mu a lekol an koya mana wannan zamani daga littafin waɗanda sunka ci ƙasar. Ga wani ɗanmu da ya rubuta shi yana cikin faruwa, daga wajen waɗanda anka ci.

Na biyu, zaman mutane. Yana da Waƙar Talauci da Wadata, inda ya nuna yadda ake wulaƙanta wanda ba shi da shi ko da shi ke da gaskiya, a girmama mai dukiya ko da shi ke da laifi. Ya yi waƙa kan annobar mura ta 1918, wadda ta kashe mutane bila adadin a duniya duka, ya bayyana yadda ciwon ke kama mutum. Ya kuma juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, mawaƙin Larabawa na kafin Musulunci, zuwa Hausa don almajirai.

Na uku, kuma shi ne mafi girma a ganina, zube ne da Hausa cikin ajami. Wani Bajamushe, Adam Mischlich, wanda ya fara da aikin mishan kafin ya zama kumandan a Kete-Karaci, yana koyon Hausa yana kuma haɗa ƙamus, wanda ya fito a 1906. Ya roƙi liman ya rubuta masa yadda ƙasar Hausa take. Umaru ya zauna ya cika ɗaruruwan warƙoƙi. Ya rubuta tarihin Kabi da na wasu ƙasashe. Amma bai tsaya ga jerin sarakuna da shekarunsu ba kamar yadda aka saba. Ya rubuta yadda ake noma da irin amfanin gona, da saƙa da rini da ƙira da jima, da yadda kasuwa ke ci, da yadda ayari ke tashi, da aure da suna, da halin da bayi ke ciki. Abin da kowa ya sani a zamaninsa, har ba wanda ya ga ya cancanci tawada, shi ya rubuta. Yau kuwa, da zamanin ya shuɗe, abin nan ne ya fi wuyar samu.

Ku lura da wani abu kuma. Bakabe ne. Kabawan Argungu, kamar Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri, sun shafe kusan ƙarni guda suna ja da Sakkwato. Malaman Sakkwato sun rubuta nasu labarin da yawa, kuma sun rubuta shi da kyau, Allah ya saka masu. Amma cikin littattafansu mu abokan gaba ne. Umaru malamin Musulunci ne da ya yi karatu a garuruwan jihadi, duk da haka ya ga ya dace a ajiye labarin ƙasar kakanninsa. Ba don haka ba, da wani sashe na labarin Kabi ya tafi tare da tsofaffin da sunka riƙe shi.

WATA TAMBAYA

Na san wani zai ce: yaya mutumin da ya yi waƙar kukan zuwan Nasara zai zauna kuma yana rubuta wa kumandan ɗin Nasara takardu? Ni ma na yi wa kaina wannan tambaya. Ba zan wanke shi ba, ba kuma zan kama shi ba. Baƙo ne a ƙasar da ba tasa ba, limamin jama'ar da ke ƙarƙashin bindigar wasu. Duk wanda ya zauna zango ya san irin zaman da baƙo ke yi da hukuma. Tun a Salga ma ya yi hulɗa da wani Bajamushe mai yawo, Krause, wanda Hausawa ke kira Malam Musa. A ganina ya rarrabe tsakanin mulkin da ya ƙi da mutumin da ya zo da tambaya.

Amma abin yana da farashi, kuma mu munka biya. Takardun zuben sun bi Mischlich zuwa Jamus. Ya buga wani sashe a 1942, da Hausa da Jamusanci. Bayansa wani masani, Heinz Sölken, ya fiddo tarihin Kabi. A 1973 wani Ba'amurke, Douglas Ferguson, ya juya bayanin ƙasar Hausa zuwa Turanci ya samu digirin dakta da shi a Kalifoniya. A 2000 wani malamin jami'a na Folan, Piłaszewicz, ya buga wasu daga cikin zuben. Mutum huɗu, ƙasa uku, ba Bahaushe ko guda. Rubutun ya tsira, amma ya tsira nesa da masu shi. Ɗan Kabi da ke son karanta abin da ɗan'uwansa ya rubuta da harshensu, sai ya bi ta hannun baƙo.

Waƙoƙin kuwa wata hanya sunka bi. Su almajirai sunka riƙe, wannan ya kwafa daga wancan. Da jami'ar Gana da ke Legon ta fara tattara rubuce-rubucen malamai a farkon shekarun 1960, da su Ivor Wilks da Thomas Hodgkin, sai anka yi ta samun waƙoƙin Alhaji Umaru a garuruwa daban-daban. Dabarar da sunka yi mai kyau ce: a ari takarda wajen mai ita, a ɗauki hotonta, a maida masa abinsa.

ƘARSHENSA, DA ƘARSHEN GARIN

Wajen 1913 ya tafi aikin hajji. Kafin ya komo, yaƙin duniya na farko ya kori Jamusawa, Kete-Karaci ta koma hannun Ingila. Ya ci gaba da limanci da karantarwa har Allah ya karɓi ransa a 1934.

Shekara talatin bayan haka, gwamnatin Nkuruma ta datse kogin Bolta a Akosombo. An gama aikin a 1965. Ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin wajen murabba'in kilomita 8,500, anka tada mutum kusan 80,000 daga gidajensu. Tsohon garin Kete yana cikin waɗanda ruwa ya ci. Anka gina sabo a tudu. Kasuwar gishiri da lungunan da liman ya bi zuwa masallaci, duk suna ƙarƙashin ruwa. Abin da ya rubuta kuwa yana nan.

MU FA?

Iyayena, da na kai nan cikin labarin sai jikina ya yi sanyi, don na tuna da namu garin. A 1945 Gulbi ya cika ya ci tsohon Maraɗi da ke cikin kwari, anka maido gari bisa tudu, inda muke zaune yau. Yaron da ke da shekara bakwai a ranar, wanda zai iya tuna ina ƙofar gidansu ta duba, yau ya haura tamanin da biyar. Mutum nawa sunka rage mana irinsu? Ku ƙidaya a unguwarku, ba za ku cika yatsun hannu ba.

Gaskiya ne ba a bar tarihinmu haka nan ba. An san Katsina ta faɗi hannun masu jihadi a 1807, an san Ɗan Kasawa ya kafa sarauta a Maraɗi wajen 1819, an san yaƙin Gawakuke na 1836 inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda sunka kwanta dama, da yadda Mayaƙi ya kafa Tsibiri bayan haka. An rubuta kan Ɗan Baskore da Ƙaura Hasau. Amma wa ya rubuta? Landeroin, tafintan ayarin Tilho mai shata iyaka, wanda ya zauna da tsofaffinmu tsakanin 1906 da 1909. Philippe David, wanda ya yi littafi kan tsohuwar daula da tsohon gari a 1964. Daga bakin kakanninmu sunka ji, da Faransanci sunka rubuta. Mun gode masu. Sai dai abin da ya samu takardun Alhaji Umaru shi ya same mu, har ma namu ya fi, don shi aƙalla da hannunsa da harshensa ya rubuta.

Kuma labarin sarakuna ne galibi. Wa ya rubuta yadda ake noman taba da rogo a fadamar Jiratawa kafin a kawo aikin ban ruwa? Wa ya rubuta zamanin gyaɗa, da yadda ake awo, da yadda ake bin bashi? Wa ya rubuta yunwar 1973 da ta 1984 kamar yadda uwayenmu mata sunka gan ta daga bakin murhu? Wa ya rubuta hanyar Kurmi, da sunayen masu masaukin da sunka riƙe iyayenmu a Kumasi da Akara, da ranar da anka koro su? Kakana ya rubuta nasa. Ni na bar wa gara.

SHAWARATA GA KWAMITI

Ba kuɗi mai yawa abin ke so ba. Ga abu huɗu da nake roƙo a duba a taro mai zuwa.

1. Kowane gida ya duba akwati da gafaka da rumbu. Duk takardar da anka samu, ta ajami ko ta boko, wasiƙa ce ko rasit na haraji ko hoto, a sanar da sakatare. Ba za a karɓe wa kowa abinsa ba. Hoto za a ɗauka da salula, a gaban mai ita, a maida masa.

2. A fidda samari huɗu, biyu ƴan lekol, biyu almajirai masu karanta ajami, su riƙa tafiya tare. Ɗayanmu ba ya wadatar da kansa, ni shaida ne.

3. A jera sunayen tsofaffinmu, maza da mata, a fara da wanda ya fi tsufa. A je da goro da ladabi, a ɗauki muryarsu, sannan a rubuta cikin kaye da Hausa, yadda sunka faɗa, ba gyara. A sa sunan mai magana da ranar da ya yi ta. In tsoho biyu sunka saɓa, a rubuta duka biyu, kada mu zama alƙalai. Ƴan mata biyu su shiga wajen iyayenmu mata, don akwai maganar da ba a yi gaban namiji.

4. Kowane abu a yi shi kwafi uku: guda wajen ƙungiya, guda a gida Jiratawa, guda a miƙa wa masu binciken tarihi na jami'a, a nan Maraɗi ko a Yamai. Darasin Alhaji Umaru ke nan: abin da ke hannu guda, ko dai ya ɓace ko ya yi nisa. Abin da anka kwafa da yawa shi ke zama.

Ni na ɗauki alkawarin ranar Alhamis da yamma da ranar Lahadi, da kaye goma daga aljihuna. Ƴan'uwanmu da ke Kano da Legas da Kwatano da Akara, ku ma akwai tsofaffinmu a wajenku da sunka daɗe ba su ga gida ba, galibi kuma su sunka fi riƙe tsohon labari. Ku zauna da su kafin ku aiko da kuɗin wata.

Alhaji Umaru bai jira sarki ya sa shi ba, kuma yana nesa da gida tafiyar wata uku ya rubuta ƙasarsa. Mu tsakaninmu da Jiratawa ko awa guda babu.

Allah ya jiƙan Alhaji Umaru, ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa iyayenmu da ke raye lafiya da nisan kwana. Wanda ya ga kuskure cikin abin da na rubuta, ƙofata a buɗe take bayan la'asar.

Wassalam.

Ɗanku kuma ƙanenku,
mushen lekol, Sabon Gari, Maraɗi.